Kwalbar Maɓallai

Gidanmu na can saman tudun Valparaiso,
matakala ɗari da goma sha bakwai daga bakin teku.
Na ƙirga su ran da na hau da cikin Tobias,
na sake ƙirgawa ran da aka sauko da gawar babansu.
Tun daga nan hannu biyu ke aikin huɗu,
ƙafata a kan keken ɗinki, idona a kan tukunya.

Ximena na da shekara shida, Tobias huɗu,
kowa ya ci ya ture kwano ya yi gaba.
Na yi faɗa har muryata ta dushe,
faɗa kuwa bai taɓa share ɗaki ba.

Ran nan sai na juye gwangwanin maɓallai a tebur:
na tsofaffin kwat, na rigunan matuƙa jirgin ruwa,
na ƙashi, na katako, da wani mai ƙyalli kamar idon kifi.
Na ce, ga kwalba, ga kwalba, kowa da tasa.
Sharar matakala, maɓalli ɗaya.
Ba kyanwa abinci, ɗaya.
Kwashe shanya kafin hazon teku ya jiƙa ta, biyu.
Wanda ya tara ashirin, ran Lahadi
mu shiga tsohon akwatin ƙarfen nan mai hawa tudu da igiya,
mu sha askirim a shagon Don Evaristo.

Kai! Aiki kamar an tone gidan tururuwa.
Kyanwa ta ci sau biyar a wuni ɗaya,
ta miƙe a bakin taga tana nishi.
Tobias ya share matakalar sama,
ya tura ƙurar kan ta ƙasa, ya dawo da hannu a buɗe.
Na biya. Alkawari kaya ne.

Amma kowane allazi da nasa amanu.
Sati uku, Ximena ta zama 'yar kasuwa.
Miƙo min almakashi. "Nawa?"
Rufe ƙofa, iska na shigowa. "Nawa?"
Har sumbar dare sai da ta yi min ciniki.
Na yi dariya, dariyar ta tsaya min a wuya.

Ran da Señora Eduvigis ta zo karɓar kwat ɗin mijinta,
na ɗauko shi, ba maɓalli ko ɗaya, sai zare na reto.
Tobias yana bayan labule,
kwalbarsa cike fal, kunnuwansa jawur.
Na ba da haƙuri, na yi ɗinki har tsakar dare
ina tambayar allura: me na shuka a gidan nan?

Yuli ya shigo da sanyi da ruwa,
zazzaɓi ya kayar da ni kwana uku.
Daga gado ina jin kwanuka na karo da juna,
wani abu ya fashe, aka yi tsit,
sai tsintsiya ta fara kai da kawo.
Na kasa kunne ina jiran "nawa?"
Ban ji ba.

Ximena ta shigo da romo, rabi ya zube a hanya,
gishiri ya yi yawa, albasa ɗanya shar.
Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, irin tsayuwata.
Na shanye tas.
Ta buɗe tafin hannuna ta ajiye wani abu mai sanyi,
mai ƙyallin nan, idon kifi, wanda ta hana kowa taɓawa.
Ta ce, "Na shan romo ne.
In kin tashi gobe, biyu."

Ban san wa ya koya wa wa ba.
Kwalaben na nan, har yau ana biya, har yau ana ciniki,
kyanwa ta ɗan rame.
Nawa kuwa na ɗinke shi a cikin rigata, ta ciki,
inda babu kafar da zai shiga.
Ba ya rufe komai.
Sai dai da asuba, in na sunkuya a kan keke,
in ji shi, sanyi-sanyi, a ƙirji.